Atlanta Chiefs a 1967: Kakar farko a gasar da FIFA ta haramta

Ranar Lahadi 16 ga watan Afrilun 1967, mutum 8,434 ne suka sayi tikiti suka shiga filin wasa na Memorial da ke birnin Baltimore na ƙasar Amurka, filin da ke iya ɗaukar mutum sama da 50,000. Sun je kallon ƙwallon ƙafa ne tsakanin ƙungiyoyi biyu da shekara guda kafin nan babu ko ɗayansu a duniya: Baltimore Bays mai masaukin baƙi, da Atlanta Chiefs da ta taso daga jihar Jojiya a kudancin ƙasar. Gidan talabijin na CBS ya nuna wasan kai tsaye a faɗin Amurka. Baltimore ta ci ɗaya mai ban haushi, aka tashi.

Da wannan wasan ne aka buɗe gasar ƙwararru da ake kira NPSL. Kaka ɗaya tak gasar ta yi ta mutu. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya FIFA ba ta taɓa amincewa da ita ba, masu ƙungiyoyin sun tafka asara, ita kuwa Atlanta Chiefs ta ƙare kakar da rashin nasara fiye da nasara. Amma a wannan kakar ce aka kafa ƙungiyar da ta kai matasan Afirka filayen Amurka tun kafin Pele ya je can, kuma daga sunanta ne ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin nahiyar Afirka ta samo nata.

Yadda aka wayi gari da gasa biyu

Abin ya faro ne daga gasar cin kofin duniya ta 1966 da aka yi a Ingila. An nuna wasan ƙarshe tsakanin Ingila da Jamus ta Yamma a talabijin ɗin Amurka, kuma yawan waɗanda suka kalla ya ba attajiran ƙasar mamaki. Galibinsu masu ƙungiyoyin besbol ne da na ƙwallon zari-ruga irin ta Amurkawa. Suna da manyan filaye da ke zama babu kowa a duk ranar da ƙungiyoyinsu suka tafi wasa wani gari, sai suka ga kamar sun tsinci dami a kala: ga wasan da duniya ke hauka a kansa, ga filaye, ga kuma ƙasa mai mutum kusan miliyon 200 da ba ta da gasar ƙwararru ta ƙasa baki ɗaya.

Rukuni uku na masu kuɗi ne suka nemi izinin hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka, wadda a lokacin ƴar ƙaramar hukuma ce mai fama da rashin kuɗi. Hukumar ta ce duk mai so sai ya biya kuɗin rajista, ya kuma riƙa ba ta kaso daga kuɗin ƙofa da na talabijin. Rukuni ɗaya ya amince, ya samu izini, ya kafa gasar da daga baya aka sa wa suna United Soccer Association. Sauran biyun suka ce ba za su biya ba, suka haɗe suka kafa NPSL da ƙungiyoyi goma, tara a Amurka, ɗaya a Toronto ta ƙasar Kanada. Ba su da albarkar FIFA, amma suna da abin da ɗaya ɓangaren ba shi da shi, wato yarjejeniya da CBS.

Masu izinin sun so su fara ne a 1968. Da suka ga ƴan tawaye za su riga su shiga kasuwa, sai suka yi dabara: suka ɗauko hayar ƙungiyoyi sukutum daga Turai da Kudancin Amurka a lokacin hutunsu na bazara, suka canza masu suna da riga. Wolverhampton ta Ingila ta zama Los Angeles Wolves, Aberdeen ta Sikotlan ta zama Washington Whips, Cagliari ta Italiya ta zama Chicago Mustangs, Bangu ta Birazil ta zama Houston Stars. Suka yi makonni suna wasa, Wolves ta doke Whips da ci 6 da 5 a wasan ƙarshe cikin watan Yuli, kowa ya ɗauki jakarsa ya koma gida. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

NPSL ba ta da wannan damar. Babu wata ƙungiyar Turai da za ta ba haramtacciyar gasa aron ƴan wasanta, kuma duk ɗan wasan da ya sa hannu da ita yana fuskantar barazanar dakatarwa a ƙasarsa. Dole kowace ƙungiya ta nemo mutanenta ɗaya bayan ɗaya: tsofaffin da tauraronsu ya fara dusashewa, waɗanda ke zaman benci a ƙananan rukunai, da matasan ƙasashen da Turai ba ta waiwaya a wancan zamanin.

Malamin makaranta da ƴan wasan Zambiya

Ƙungiyar besbol ta Atlanta Braves ce ta mallaki Chiefs. Ita kanta baƙuwa ce a garin, don a 1966 ta ƙauro daga Milwaukee zuwa sabon filin da birnin ya gina. Wani jami'inta mai suna Dick Cecil ne ya ɗauki maganar ƙwallon ƙafa a ka, shi ne kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar. Sunan Chiefs, wato sarakuna ko shugabannin ƙabila, an zaɓe shi ne don ya dace da na Braves, duka biyun suna nuni ga ƴan asalin Amurka da Turawa suka tarar.

Mutumin da aka damƙa wa horarwa shi ne Phil Woosnam, ɗan yankin Wales mai shekara 34. Ya buga wa Leyton Orient da West Ham da Aston Villa, ya yi wa ƙasarsa wasa 17, amma kafin ya zama cikakken ƙwararren ɗan wasa malamin makaranta ne, mai digiri a fannin kimiyyar fiziks. Wannan tarihin nasa na koyarwa ya yi tasiri a kan duk abin da ƙungiyar ta yi a shekarar. Shi ne mai horarwa, kuma yana shiga fili ya taka leda da kansa.

Ya fara da waɗanda ya sani. Daga tsofaffin Aston Villa ya ɗauko Vic Crowe, ɗan wasan tsakiya, da Peter McParland na Ailan ta Arewa, wanda ya ci wa Villa ƙwallaye biyun da ta doke Manchester United da su a wasan ƙarshe na kofin FA a 1957, ya kuma ci biyar a gasar cin kofin duniya ta 1958. Ya kawo mai tsaron gida Vic Rouse, da Ron Newman wanda ya yi yawo a ƙananan rukunan Ingila. Waɗannan duk sun haura shekara 30, kuma barazanar dakatarwa ba ta hana su barci, tunda sun riga sun ci zamaninsu.

Inda Woosnam ya bambanta da takwarorinsa shi ne inda ya je neman matasa. Yayin da Oakland ta cika ƙungiyarta da ƴan Yugoslabiya, wasu kuma suka nufi Holan da Jamus da Ajantina, shi ya juya ga tsibiran Karibiyan da Afirka. Daga Zambiya, ƙasar da ba ta cika shekara uku da samun ƴancin kai ba, ya ɗauko mutum uku: Howard Mwikuta mai tsaron baya, Emment Kapengwe na Kitwe United, da Freddie Mwila na Rhokana United, matashi ɗan shekara 20 da ɗoriya. Ƙwallon Zambiya a lokacin ta ginu ne a garuruwan haƙar tagulla da sauran ma'adinai, inda kamfanoni ke riƙe da ƙungiyoyi, ɗan wasa ya yi aiki da safe ya yi atisaye da yamma. Ga irin waɗannan matasan, albashin da ake biya don buga ƙwallo kawai sabon abu ne.

Sai dai garin da suka sauka ba kamar kowane gari ba ne. Shekara uku kacal ke nan da dokar 1964 ta haramta wariyar launin fata a otel-otel da gidajen abinci na Amurka. A watan Janairun 1967 aka rantsar da Lester Maddox a matsayin gwamnan Jojiya, mutumin da ya yi suna saboda ya kori baƙaƙen fata daga gidan abincinsa da ke Atlanta, daga baya ya gwammace ya rufe shi da ya sayar masu da abinci. A gefe guda kuma Atlanta ce mahaifar Martin Luther King, kuma magajin garin, Ivan Allen, yana ƙoƙarin nuna wa duniya cewa birninsa ya wuce wannan zamanin. A tsakiyar wannan ja-in-ja aka sauke ƙungiyar da ta haɗa Turawan Birtaniya da baƙaƙen Afirka da na Karibiyan, suna tafiya tare, suna sauka a masauki ɗaya, suna sanye da riga ɗaya mai ɗauke da sunan garin.

Maki shida, da alƙali mai jiran talla

Shugabannin NPSL sun yi imani cewa Ba'amurke ba zai biya kuɗi ya kalli wasan da aka tashi babu ci ba. Saboda haka suka ƙirƙiro nasu lissafin: maki shida ga wanda ya yi nasara, uku idan an yi canjaras, sannan maki ɗaya a kan kowace ƙwallo da ƙungiya ta ci har zuwa uku, ko da an doke ta. Ke nan wanda ya sha kashi da ci 4 da 3 zai koma gida da maki uku, daidai da wanda ya tashi babu ci. A lokacin sauran duniya maki biyu take bayarwa ga mai nasara. Sai a 1981 Ingila ta koma uku, FIFA kuma ta bi sahu a gasar cin kofin duniya ta 1994. An yi wa Amurkawa dariya a kan tsarin nasu, amma damuwar da ta haife shi, wato ƙungiyoyi su tare a baya su kare canjaras, ita ce dai ta sa duniya ta canza nata lissafin daga bisani.

Abin da ba shi da kariya shi ne batun talla. Wasannin Amurkawa cike suke da hutu, nan ne talabijin ke saka tallace-tallace. Ƙwallon ƙafa kuwa minti 45 ne babu tsayawa. A watan Mayu, bayan wasan Toronto Falcons da Pittsburgh Phantoms, alƙalin wasa Peter Rhodes, Baturen Ingila, ya shaida wa ƴan jarida cewa 11 daga cikin laifuka 21 da ya hura, ya hura su ne don CBS ta samu damar saka talla. Labarin ya zaga duniya, ya kuma tabbatar wa masu sukar gasar abin da dama suke faɗa. Shi ma Danny Blanchflower, tsohon kyaftin ɗin Tottenham da CBS ta ɗauko don sharhi, bai taimaka ba: idan wasa ya yi muni sai ya faɗa wa masu kallo cewa ya yi muni, abin da bai yi wa masu gidan daɗi ba.

Filayen ma ba na ƙwallon ƙafa ba ne. A yawancinsu akwai faƙon ƙasa na wasan besbol a cikin ciyawar, ƙwallo ta taho tana gudu a kan ciyawa ta faɗa kan tsandauri ta canza tafiya. Kujerun kuma an jera su ne don kallon wani wasan dabam, ƴan kallo na can nesa da layi.

A haka Chiefs ta buga wasanta na farko a gida ranar 22 ga Afrilu da Los Angeles Toros, gaban mutum 11,293, aka tashi ɗaya da ɗaya. Daga nan kakar ta zama ta yau fari gobe tsumma. Ƙungiyar ba ta da laifi wajen tsaro, kuma ta ci ƙwallaye fiye da waɗanda aka zura mata, amma canjaras ya yi mata yawa, ga doguwar tafiya daga wannan gaɓar ƙasar zuwa waccan a tsakiyar zafin bazara. A wasa 31 ta ci 10, ta yi canjaras 9, aka doke ta 12. Da maki 135 ta ƙare ta huɗu cikin biyar a rukunin gabas, Pittsburgh ce kaɗai a bayanta.

A saman rukunin, Baltimore da Philadelphia Spartans sun ƙare da nasara 14, canjaras 9 da rashin nasara 9 kowacce, makin ƙwallaye ne ya raba gardama ya tura Baltimore wasan ƙarshe. Can ta haɗu da Oakland Clippers, zakarar yamma. Baltimore ta ci karon farko ɗaya da nema ta ƙafar Dennis Viollet, ɗaya daga cikin ƴan Manchester United da suka tsira daga hatsarin jirgin sama na Munich a 1958. A karo na biyu cikin watan Satumba Oakland ta rama da ci 4 da 1 ta ɗauki kofin, na farko kuma na ƙarshe a tarihin gasar. Da aka fitar da jerin fitattun ƴan wasa 11 na shekarar, mutum ɗaya ne daga Atlanta ya samu shiga, kuma ba McParland ba ne ko Woosnam. Emment Kapengwe ne.

Aikin da ba ya cikin teburin maki

Matsakaicin ƴan kallo a gasar baki ɗaya bai kai 5,000 ba a kowane wasa. Na Atlanta ya kusa 7,000, yana cikin mafi yawa, duk da cewa ƙungiyar tana kusa da ƙasan tebur, kuma garin ba shi da tarin baƙin haure daga Turai irin na New York ko Chicago da aka zaci su ne za su cika filaye. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Woosnam ya gane tun da wuri cewa ba a sayar wa mutum abin da bai sani ba. Mafi yawan mutanen Jojiya ba su taɓa ganin ana buga ƙwallo da ka ba, balle su san satar fage. Sai ya mayar da ƴan wasansa malamai.

Bayan atisaye, ƴan wasan Chiefs kan rarrabu zuwa makarantu da filayen unguwanni da ƙungiyoyin matasa, suna nuna wa yara yadda ake tare ƙwallo da yadda ake miƙa ta, suna koya wa malaman motsa jiki da iyaye dokokin wasan don su iya horarwa da alƙalanci. Mutumin da ya ci ƙwallo a Wembley gaban mutum kusan 100,000 sai ga shi a filin makarantar firamare yana jera yara. Ɗan Zambiya kuma yana koyar da ƴaƴan Turawan da iyayensu suka girma cikin dokar da ta hana su zama aji ɗaya da baƙar fata. Ƙungiyoyin hayar ɗaya gasar ba su da lokacin irin wannan aikin, ba su ma da dalilin yin sa, tunda a watan Agusta suna da wasa a Ingila ko Italiya. Ƴan Chiefs a garin suke zaune, wasunsu ma ba su sake komawa gida ba. Ron Newman ya ƙare rayuwarsa a Amurka a matsayin ɗaya daga cikin masu horarwar da suka fi cin kofuna a ƙasar.

Ga masu kuɗin dai kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Gasa biyu suna rabon ƴan kallon da ba su ishi ɗaya ba, har a wasu biranen kamar New York da Chicago da Los Angeles da Toronto kowace tana da ƙungiya. NPSL ta kai FIFA da hukumar Amurka kotu bisa zargin hana ta kasuwa, amma kafin shari'ar ta yi nisa ɓangarorin suka zauna. A watan Disamban 1967 aka haɗe gasannin biyu aka kafa NASL mai ƙungiyoyi 17. Philadelphia da Pittsburgh suka rufe. Chicago Spurs ta koma Kansas City, Toros ta koma San Diego. Atlanta ta tsaya inda take, da mai horarwarta da ginshiƙan ƴan wasanta.

Amfanin hakan ya fito a 1968. A watan Mayu Manchester City, wadda ta ɗauki kofin lig ɗin Ingila ƴan kwanaki kafin nan, ta zo wasan sada zumunta Atlanta aka doke ta 3 da 2. Mataimakin mai horar da ita, Malcolm Allison, ya ce sa'a ce kawai, ya kwatanta Chiefs da ƙungiyar rukuni na huɗu. Aka sake haɗuwa a watan Yuni, Chiefs ta sake cin su 2 da 1. A watan Satumba ta doke San Diego Toros 3 da nema a Atlanta bayan an tashi babu ci a karon farko, ta zama zakarar NASL ta farko, kuma ƙungiyar ƙwararru ta farko da ta kawo wa birnin babban kofi a kowane irin wasa.

Ko wannan bai hana rushewa ba. CBS ta janye, ƙungiyoyi 12 suka mutu, biyar suka rage a 1969. Woosnam ya bar horarwa ya karɓi ragamar gasar, ya riƙa tafiyar da ita daga wani ɗaki a ƙarƙashin filin wasa na Atlanta. Shi ne ke kan kujerar lokacin da Pele ya sa hannu da New York Cosmos a 1975.

Mutanen Zambiyar uku kowa ya kama hanyarsa. Mwikuta ya gwada sa'arsa a matsayin mai bugun ƙwallo a ƙungiyar zari-ruga ta Dallas Cowboys. Kapengwe da Mwila suka koma Aston Villa a 1969, inda ba su samu wasanni da yawa ba. Mwila ya zama mai horarwa, ya kai Power Dynamos ga kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1991, yana kuma cikin waɗanda aka kira su sake gina tawagar Zambiya bayan hatsarin jirgin da ya hallaka ƴan wasanta a gaɓar tekun Gabon a watan Afrilun 1993. Wannan sabuwar tawagar ce ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Tunis a 1994, inda Najeriya ta doke ta 2 da 1 da ƙwallaye biyu na Emmanuel Amuneke.

Hanyar da Woosnam da Cecil suka buɗe zuwa Zambiya ce kuma ta kai su ga wani matashin Orlando Pirates daga Soweto, Kaizer Motaung, a lokacin da FIFA ta dakatar da Afirka ta Kudu saboda mulkin wariyar launin fata. Ya isa Atlanta a 1968, aka zaɓe shi gwarzon sababbin ƴan wasa na shekarar, a 1969 kuma ya fi kowa cin ƙwallaye a gasar da guda 16. Da ya koma gida ya tarar da rikici a Pirates, sai ya kafa tasa ƙungiyar. Ranar 7 ga watan Janairun 1970 ya haɗa sunansa da na ƙungiyar da ya bari a Jojiya, ya ɗauki tambarinta mai kan sarkin ƴan asalin Amurka da gashin tsuntsu, ya kira ta Kaizer Chiefs. Atlanta Chiefs ta rufe a karo na ƙarshe a 1981, an rushe filin da ta yi wasa a ciki a 1997, amma tambarin yana nan a ƙirjin ƴan wasan Soweto, waɗanda suka buga wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka da Al Ahly ta Masar a 2021.